Mutumin Da Ya Zauna A Kujerar Angona

"Ni ba zan roƙe shi ba," in ji Hoyo, mahaifiyata, ba ta ko ɗago kai daga kaskon anjero, irin wainarmu ta safe, ba. "Ke ma kuma ba inda za ki."

Ina tsaye a bakin ƙofar kicin, wayar hannuna ko hucewa ba ta yi ba. Yanzun nan muka gama magana da mijina Guled daga Minnesota. Rabon da in ji muryarsa tana rawa haka har na manta.

"Sagal, an buɗe," ya ce min. "Kina jina? Takardunmu na biza sun farka. Lauyata ce ta kira ni."

Na dafe bango.

"Yi magana mana, ko uhm ne. Tun daga Amurka numfashinki kawai zan saurara?"

"Alhamdu lillahi," na ce a hankali.

"Saura abu ɗaya. Maganar hoton nan ce dai. Suna so Dalmar ya je gaban lauya a nan Nairobi ya rantse cewa wakiltata kawai ya yi ranar biki, shi ba mijinki ba ne. Kafin watan nan ya ƙare. Idan bai yi ba za su rufe, kuma wannan rufewar babu buɗewa, don za su rubuta cewa auren ƙarya muka yi."

Sai ya ƙara da wata magana.

"Na kira shi har na gaji, ba ya ɗauka. Ko lamba ya canza?"

Bai canza ba. Jiya ma ya kira Hoyo yana tambayar jikinta. Amma ban faɗa wa Guled haka ba.

Ga yadda abin ya faru. Shekara shida da suka wuce aka sa ranar bikinmu. An kama ɗakin taro a nan unguwar Isli, an yi halwa, an ɗinka min dira, doguwar rigarmu ta biki, kala uku, an sayi kwat ɗin ango an rataye. Ana gobe biki Guled ya kira yana kuka, takardar tafiyarsa ba ta fito ba. Maza suka ce ba komai, Dalmar ɗan baffansa ya karɓa masa aure a masallaci. Hakan aka yi, kuma babu wanda ya ga laifi.

Da yamma ne mata suka ce sam, kujerar ango ba za ta zauna fayau a gaban jama'a ba, abin kunya ne, za a ce amarya ba ta da gata. Gwaggonnin Guled suka kamo Dalmar suka zura masa kwat ɗin nan, hannun ma ya yi masa gajere, suka zaunar da shi kusa da ni. Shi ya yanka kek. Shi aka watsa wa turare. Mai hoto ya yi ta ɗauka, mata suna guɗa suna tsokanarsa da angon aro.

A wajenmu kowa ya san wannan ba komai ba ne. Da ofishin biza na Amurka suka nemi hotunan biki, Guled ya tattara duka ya aika musu da zuciya ɗaya. Su kuwa suka duba fuskarsa, suka duba fuskar wanda ke gefena, suka ce wannan wane ne?

Bayan 'yan watanni Guled ya samu ya zo, muka yi 'yan makonni tare a wani ɗaki da ya kama bayan masallaci. Duk lokacin da ya ɗaga waya zai ɗauke mu sai in rufe fuska da gyale. Ya yi ta dariya yana cewa muna da sauran rayuwa ta ɗaukar hoto. Abin da ya koma da shi hoton gyale ne da hoton tafin hannu.

Daga nan aka rufe ƙofa ga masu fasfo irin namu. Cutar da ta tsayar da duniya ta biyo baya. Takardunmu suka kwanta, ni ma na kwanta tare da su.

"Hoyo," na ce, "rantsuwa ce kawai. Gaskiya zai faɗa."

Ta juye anjeron a faranti ta zuba wani ƙullun.

"Yaron da ke kai ni asibiti a motarsa duk lokacin da sugana ya tashi. Yaron da ya tsaya a kanmu da mai gida ya so ya watso mana kaya waje. Shi zan je in ce wa ya sa hannu a ɗauke min 'ya a kai ta ƙasar ƙanƙara? Da wane bakin?"

"Ai matar ɗan'uwansa ce ni."

"Matar waya dai."

Maganar ta soke ni. Na koma ɗaki na kifa fuska a filo don kada maƙwabta su ji, bangon gidan nan ko tari ba ya ɓoyewa.

Da azahar Abti Hirsi ya zo. Yayan Hoyo ne, shi ya tsaya mana tun da mahaifina ya rasu a sansanin 'yan gudun hijira na Hagadera. Na san kiransa aka yi. Na kawo masa shinkafa da nama da ayaba, na juya zan fita.

"Zauna, 'yar ƙanwata."

Na zauna a bakin tabarma, kaina a ƙasa.

Ya ɓare ayabarsa a nutse ya yayyanka a kan shinkafar. Gemunsa ya sha lalle ja, yana motsi yana taunawa.

"Na ji an ce Amurka ta tuna da ke."

Na gyara zama a kan tabarmar.

"Sun kyauta. Bara waccan ma an ce an kusa. Kafin nan ma an ce an kusa. Matar Jama mai shayi ta jira shekara goma sha ɗaya, ranar da bizarta ta fito jikokin ƙanwarta ne suka raka ta filin jirgi."

"Wannan karon daban ne, Abti."

"Me? Ɗaga murya, ni ba na jin maganar sauro."

"Na ce daban ne."

"To. In yana sonki haka, jirgi ya daina tashi ne? Shekara biyar bai leƙo ba."

"Mahaifiyarsa ce. Ɓarin jikinta ya shanye, shi kaɗai gare ta. Shi ke ɗaga ta, shi ke ba ta abinci. Wa zai bar wa?"

"Kin ji ko?" Ya juya wajen Hoyo. "Ba mata yake nema ba, mai jinya yake nema. Ta bar uwarta da ciwo a nan ta je ta yi jinyar uwar wani."

Hoyo ta fara share ido da bakin mayafinta.

"Ni ba na son komai, Sagal. Ɗa nake so in gani a cinyarki kafin in mutu. Sa'o'inki suna kai yara makaranta, ke kina rungume da waya. Kin kusa talatin. Dare ya yi ki kwanta ke kaɗai, gari ya waye ki tashi ke kaɗai. Kina tsammani ba na jin kukanki?"

"Hoyo, don Allah."

"Na yi magana da alƙali," in ji Abti. "Macen da mijinta ya yi nisa haka tana da haƙƙin a raba auren. Kalma ɗaya za ki faɗa a gabansa. Kuma ba za ki zauna ba miji ba. Akwai wanda ya same ni tun bara, cikin mutunci, bai taɓa tarar ki da maganar ba saboda kunya."

Bai faɗi suna ba. Ban kuma tambaya ba. Sai a lokacin na gane dalilin da kiran Guled yake ta shiga wayar Dalmar ba a ɗauka.

"Kin yi shiru," ya ce yana wanke hannu. "Shirun naki na ɗauke shi amsa."

Haka suke min tun ina ƙarama. Ni ban yi nisa a makaranta ba, aji uku na tsaya, kuma ko a ajin ban taɓa ɗaga hannu ba. In na yi shiru sai kowa ya zuba abin da yake so a cikin shirun. Yau ma bakina ya ƙi buɗuwa. Amma da Abti ya fita, Hoyo ta kishingiɗa, sai na zura hijabina na ɗauki takalmi a hannu, ban sa ba sai da na sauka ƙasa.

An yi ruwa da safe, titi duk ya zama taɓo. Motocin hayar da ake kira matatu suna ta hon, kwandastoci suna dukan jikin mota suna kiran fasinja. Na bi gefen masu tallan atamfa da takalma ina tattare hijabi. Ban taɓa zuwa shagon Dalmar ni kaɗai ba. Sau biyu na kai ƙofar benen na wuce kamar ba nan za ni ba. A na uku na hau.

Labule da darduma yake sayarwa a hawa na biyu. Na same shi yana auna wa wata mata yadi. Da ya gan ni, almakashin ya tsaya a hannunsa.

"Dumashi!" Haka yake kirana, matar ɗan'uwa. "Yau rana ta ina ta fito? Hoyo lafiya?"

"Lafiya."

Ya sallami matar da sauri, ya jawo min kujerar roba, ya leƙa waje ya ce a kawo shayi mai citta. Na zauna ina murza bakin hijabi. Duk maganar da na tsara a hanya ta gudu.

"In labule kike so, zaɓi. In kuma shiru kika zo yi, akwai shi a gida, ba sai kin sha taɓo ba."

"Guled yana ta kiranka."

Murmushin ya bar fuskarsa. Ya ɗauki yadin ya fara naɗewa.

"Na gani."

"An buɗe takardunmu."

"Na ji. Ya turo min saƙon murya mai tsawon huɗubar Juma'a."

"Rantsuwa kawai za ka yi. Ka ce kai wakili ne."

"Kawai," ya maimaita. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Komai nawa kawai ne. Dalmar, karɓa masa aure kawai. Dalmar, sa kwat ɗin nan kawai. Dalmar, zauna a nan kawai. Akwai wanda ya taɓa tambayata yadda na tashi daga kujerar nan?"

Na sunkuyar da kai.

"Kin san a ranar hannunki yana rawa? Wuƙar kek ta kusa faɗuwa, ni na tare. Kika ce min na gode, ba ki ko kalle ni ba. Na koma gida na cire kwat ɗin na rataye, na ce wa kaina, kai, matar ɗan'uwanka ce, ka ji tsoron Allah. Na ji tsoron Allah shekara shida, Sagal."

Bai taɓa kiran sunana ba sai yau.

"Kar ka faɗi haka. Don Allah kar ka faɗa."

"An kawo min 'yan mata har daga Garissa. Mahaifiyata ta yi fushi ta daina cin abincin gidana. Ban ce miki komai ba, ban ce masa komai ba. Na ce in Allah ya buɗe muku hanya a shekarar farko ko ta biyu, zan kai ki filin jirgi da kaina. Ba a buɗe ba. Na zuba ido ina kallo kina ramewa. Yanzu da na fara sa rai, sai a ce in zo in yanka kaina da hannuna?"

Hawaye suka ɓalle min. Na sa hijabi na toshe bakina, amma kukan ya fi ƙarfina. Aka kawo shayin, ya karɓa daga bakin ƙofa ya ja labule don kada 'yan kasuwa su gani.

"Daina. Wallahi ba na son kukan nan."

"Ni shi nake so," na ce. Ban san daga ina maganar ta fito ba. "Ban iya magana ba, Dalmar, kowa ya sani. Amma shi yana jin abin da ban faɗa ba. In ya dawo daga aiki ƙafafunsa sun kumbura, sai ya gyara mahaifiyarsa, sannan ya kira ni ya ce in ba shi labarin abin da na dafa. Ya ƙi cin ayaba da shinkafa, wai sai na zo mu ci tare. Ka taɓa jin wauta irin wannan? Mutumin nan zan je gaban alƙali in ce ba na yi da shi?"

"Ayaba," ya ce. "Ni ina nan ina ɗaukar uwarki a bayana zuwa hawa na huɗu in wuta ta ɗauke, shi yana can yana azumin ayaba, kuma shi ne gwani."

"Allah ya saka maka. Ban manta ko ɗaya ba."

"Ba lada nake nema a wajenki ba."

Na zame daga kujerar na durƙusa a kan dardumar da yake talla. Ban taɓa durƙusa wa kowa ba sai Allah.

"Tashi! Ke, tashi, mutane za su shigo!"

"Ba zan tashi ba. Kai kaɗai ne a hoton nan. Duk duniya babu wanda zai iya cewa ba kai ne mijina ba sai kai. In ka ƙi, sun rufe. In sun rufe, ni ban san me zan zama ba. Ka tuna tare kuka tashi. Ka tuna shi ya goyo ka a hanyar Liboi lokacin gudun hijira da ƙafarka ta fashe, kai da bakinka ka ba mu labari."

Ya juya min baya. Na ga kafaɗunsa suna hawa suna sauka. Ya daɗe a haka, har shayin ya daina hayaƙi.

"To," ya ce, bai juyo ba. "Zan yi. Zan je gaban lauyan in rantse."

Na ɗago da sauri.

"Amma ni ma sai an rantse min."

Ya miƙa hannu saman kanta ya sauko da Alƙur'ani a cikin koriyar jakarsa, ya ajiye a kan teburin awo.

"Ni zan yi nawa. In sun ba ki biza, Allah ya kiyaye hanya, ba za ki ƙara jin bakina ba har abada. In kuma sun hana duk da rantsuwata, ba sauran jira. Ba ɗaukaka ƙara, ba wata shekara, ba an kusa. Za ki bi Abti wajen alƙali ki faɗi kalmar da bakinki. In kin gama idda in turo."

"Dalmar..."

"Ban zalunce ki ba. Na ba shi damarsa cikakkiya. Ni ragowar kawai na roƙa."

Na kalli koriyar jakar nan. Na yi tunanin in tashi in tafi. To in je ina? In ban rantse ba, wata zai ƙare, takardu su mutu, kuma Abti yana nan da alƙalinsa. In na rantse, aƙalla akwai ƙofa ɗaya a buɗe. Gaskiya ce da mu. Na ce a raina, in suka ji daga bakin mai hoton da kansa, me zai sa su hana?

"Da alwala?" ya tambaya.

Na gyaɗa kai.

Ya zaro Alƙur'anin daga jakar, na ɗora hannuna a kai. Ya faɗi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ina maimaitawa. Da na zo wajen sunan alƙali muryata ta yi ƙasa, ya ce in sake. Na sake.

Ina ɗauke hannu wayata ta fara ruri a cikin jaka. Gari ya waye a can ke nan. Na kalli Dalmar. Ya yi min alama da kai in ɗauka.

"Sagal? Ban yi barci ba wallahi. Kin samu wani ya je wajensa?"

"Ni na zo da kaina."

"Ke? Ke da kanki?" Ya fashe da dariya. "Allahu akbar! Matata ta hau bene ta yi magana da namiji! To me ya ce?"

"Ya yarda."

Na ji ya yi kabbara, na ji yana ƙwala wa mahaifiyarsa kira yana faɗa mata. Sai ya dawo yana haki.

"Na san ba zai ba ni kunya ba. Jinina ne. Bai ce komai ba? Bai yi fushi da na dame shi ba?"

Na kalli Alƙur'anin da ke kan tebur.

"Bai ce komai ba."

"Madalla. To saurara, ki faɗa masa wannan, yana da muhimmanci. Lauyata ta ce takardar rantsuwar ba ita ce ƙarshe ba. Ranar ganawarki a ofishin biza za su iya kiransa shi kaɗai su yi masa tambayoyi. Me ke tsakaninsa da ke, me ya sa yake yawan zuwa gidanku, me ya sa bai yi aure ba har yanzu. Ta ce in ya yi ɗan jim, ko ya yi wata magana mai harshen damo, shi ke nan, sun hana. Komai yana bakinsa, Sagal. Amma ni ban damu ba, tunda Dalmar ne."

Wayar a bayyane take magana, shagon kuma shiru. Na san ya ji duka.

Na ɗago a hankali na dube shi, karo na farko a rayuwata da na kalli cikin idonsa. Ya mayar da Alƙur'anin cikin jaka, ya ja zif ɗin har ƙarshe, ya sumbace shi ya ɗora a saman kanta.

"Sagal? Kina nan? Ba shi wayar in yi masa godiya."

Dalmar ya goge tafinsa a jikin riga, ya miƙo min hannu.